Yadda zaka haɗa madubin hangen nesa irin na Galileo da gilashin tabarau da bututun roba

Ɗan yayata ne ya ja min wannan aikin. Wata rana bayan magariba muna zaune a ƙofar gida yace "Kawu, wai da gaske ne tauraron Mushtari yana da nasa watannin daban da namu?" nace masa eh har guda huɗu manya, sai yaro ya kafe wai shi sai ya gani da idonsa. To ni kuma bani da kuɗin sayen madubin hangen nesa na kanti, amma nasan cewa Galileo, masanin taurari ɗan Italiya da ya fara ganin watannin nan a 1610, kayan aikinsa gilasai biyu ne da bututu kawai, gilasan ma irin na wancan zamanin masu kumfa da zane a ciki waɗanda ko na tabarau ɗin da ake sayarwa kan tebur a kasuwa yau ya fisu kyau. Shine na haɗa, kuma yayi aiki. Ga yadda akeyi.

Ka fara gane gilasan kafin ka kashe ko kwabo. Iri biyu ne, akwai mai tudu wanda tsakiyarsa tafi bakinsa kauri, shine na tabarau ɗin karatu da dattawa ke sawa, yana tattara haske wuri ɗaya. Akwai kuma mai kwarmi, tsakiya siririya baki da kauri, na masu matsalar gani daga nesa, shi watsa haske yakeyi. Kowane gilashi mai tudu yana da nisan da yake tattara hasken, kuma lambar da ake rubutawa a jikin tabarau ita ke faɗa maka wannan nisan. Ka raba 100 da lambar, abun da ya fito shine nisan a santimita. +1.00 zai baka santimita 100, wato mita ɗaya. +2.00 santimita 50. +20 santimita 5. Ƙarfin kusantowa kuma sai ka raba nisan gilashin gaba da na gilashin da ke wajen idonka, 100 a raba da 5 ya bada 20, abu zai ƙaru sau ashirin kenan. Lissafin kenan duka, babu wani.

Abun mamaki shine tabarau ya riga madubin hangen nesa da shekara fiye da 300. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 13 ake yinsa a Italiya, ilimin yadda haske ke shiga ido da yadda yake lanƙwasa kuma Ibnul Haisam ya rubuta shi a Alƙahira tun farkon ƙarni na 11, Turawa suka fassara suka karanta. Amma sai a watan Oktoba na 1608 wani mai sana'ar tabarau a garin Middelburg na ƙasar Holan, sunansa Hans Lipperhey, ya kai wa hukuma wani bututu yana neman a bashi takardar mallakar fasaha. Nasa sau uku kawai yake ƙara girman abu. Ba a bashi takardar ba, saboda cikin 'yan makonni wani Jacob Metius shima ya fito da nasa, hukuma taga abun nan ai kowa zai iya kwaikwaya. Kuma gaskiyarsu ne, gashi yau ni da kai zamu kwaikwaya.

Kayan da zaka nema

Gilashin gaba shine zuciyar aikin. Kaje shagon masu yanka tabarau kace a baka +1.00 wanda ba a yanka ba, yana zuwa a zagaye kamar murfin gwangwani. Ka jaddada musu fari kake so, ba mai canza launi a rana ba, ba mai hawa biyu ba (wanda sama na nesa ƙasa na karatu), kuma babu silinda a ciki (wani ƙarin gyara ne da ake yiwa gilashin wasu masu matsalar ido, masu shagon sun sanshi). Ni mai shagon sai da ya dube ni yace "Malam guda ɗaya? Ido ɗaya ne ke ciwon?" sai da na masa bayani yayi dariya ya ɗauko. In baka samu ba, sayi tabarau na karatu +1.00 na kasuwa ka ɓalle gilashi ɗaya, zaiyi, tsakiyarsa kawai muke buƙata dama.

Gilashin ido kuma ƙaramin gilashin ƙara girma ne mai ƙarfi, irin wanda masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido, masu gyaran waya ma suna da shi. Nemi mai nisan santimita 4 zuwa 5. Yadda zaka auna, tsaya cikin ɗaki ka riƙe shi kusa da bangon da ke kallon taga, kayi ta matsarwa har hoton tagar ya fito sarai a bango kife, sai ka auna daga gilashi zuwa bango da rula. Kar kwaɗayi yasa ka ɗauki mai santimita 2 wai don ka samu sau hamsin, hoton zai zama dishi-dishi ne kawai kuma baka iya riƙe shi wuri ɗaya.

Sai bututun roba irin na masu aikin famfo, mai inci 2 tsawon santimita 85, da wani siriri mai inci ɗaya da rabi tsawon santimita 35 wanda zai riƙa shiga cikin babban yana fita. Baƙin kwali, salatif, almakashi, tsumma.

Anan akwai wata gaskiya da ya kamata in faɗa. Wannan da zamu haɗa da gilasai masu tudu guda biyu, a haƙiƙa ba tsarin Galileo bane, na Johannes Kepler ne, wanda ya bayyana shi a rubuce a 1611. Galileo mai tudu yake sawa a gaba, mai kwarmi a wajen ido. Nasa yana nuna abu a miƙe yadda yake, amma filin da kake gani ƙanƙani ne sosai, wajen rabin faɗin wata kawai yake ɗauka, kamar kana leƙe ta cikin tsinken shan lemo. Na Kepler yana kifar da hoto, ƙasa ta koma sama, amma filin yafi faɗi nesa ba kusa ba, kuma a sararin sama waye ya damu da kifewa? Shiyasa masana taurari suka koma kansa. In kai ɗan gani-kashe-ni ne sai ainihin na Galileo, nemi gilashi mai kwarmi -10 ko -20 a shagon tabarau ɗin, bambancin kawai tsawon bututu, na Kepler ana haɗa nisan biyu ne (100 da 5, 105), na Galileo ana cirewa (100 a cire 5, 95). Nidai shawarata fara da na Kepler, in ba haka ba zaka gaji da neman wata kafin ka ganshi.

Haɗawa

Naɗe baƙin kwali ka zura cikin bututun duka biyu ya lulluɓe cikinsu, saboda farar roba tana wasa da haske tana wanke hoton. Ka yanka zagaye biyu na kwali mai kauri daidai girman gilashin gaba, ka huda rami a tsakiyar kowanne mai faɗin santimita 2 zuwa 2 da rabi, ka saka gilashin tsakaninsu, ka ɗaure gefen da salatif, sannan ka manna a bakin babban bututu. Ka tabbata ya zauna daidai bai karkace ba, in ya karkata taurari zasu fito da wutsiya.

Nasan zakace haba, gilashi mai faɗin santimita 6 ko 7 sai a rufe shi a bar ɗan rami? Nima haka nace, na farko da na haɗa ban rufe ba, na ɗauka ƙarin faɗi ƙarin haske. Da na kalli wata sai naga wani farin dunƙule da bakan gizo zagaye da shi, shuɗi a nan ja a can, ko rami ɗaya ban gani ba. Dalili shine gefen gilashi baya tattara haske wuri ɗaya da tsakiyarsa, sannan kowane launi yana da nasa wurin tattaruwa, shuɗi kusa ja nesa. Galileo ma haka yayi ta rufe nasa. Madubai biyu nasa suna nan a gidan tarihi a Florence har yau, ɗaya sau 14 yake ƙarawa ɗaya kusan sau 20, kuma ramin gaban mai sau 20 ɗin santimita ɗaya da rabi ne kacal.

Kuskure na biyu da nayi, na ɗiga sufa gulu a gefen gilashin ido. Tururinsa ya bi ya dusashe gilashin da wani farin hazo wanda baya goguwa, sai da na sayi wani. Yi amfani da zoben kwali da salatif kawai. Ka saka ƙaramin gilashin a ƙarshen siririn bututu, ka naɗa tsumma ko salatif a ɗaya ƙarshen har ya riƙa shiga babban da ɗan tauri, yana zamewa in ka tura amma baya faɗuwa da kansa.

Gwada shi da rana tukuna, akan abu mai nisa kamar hasumiyar masallaci ko dogon ƙarfen sabis na waya. Ja ƙaramin bututun a hankali ciki da waje har hoton ya fito. In kaga hasumiya ta kife to kayi daidai. Ka juya gilashin gaba ɗaya fuskar ma ka gwada, gilashin tabarau a lanƙwashe yake kuma sau da yawa fuska ɗaya tafi bada hoto mai kyau. Ka ja layi da biro a inda ya tsaya, da dare daga nan zaka fara, sai ka ɗan tura ciki kaɗan.

Rana kuma, don Allah kar ka kalle ta da wannan abun, ko na daƙiƙa ɗaya, ko da baƙin tabarau. Ƙona ido take yi nan take kuma baya gyaruwa. In akwai yara a gidan kar ka barshi a tsakar gida da rana. Su kansu mutanen da, lokacin da suke nazarin baƙaƙen tabon da ke jikin rana, dabarar da ɗalibin Galileo Benedetto Castelli ya kawo ita ce a bar hoton ya faɗa kan farar takarda a bayan madubin, a zana a takardar.

Abun da ke kayar da yawancin mutane ba gilashi bane, rawar hannu ce. A sau ashirin ko bugun zuciyarka yana girgiza hoton. Ni kujerar katako na kifa na ɗaure bututun a jikinta da robar tayar keke, wani lokacin kuma buhun yashi nake ɗorawa kan katanga in kwantar da shi a kai. Ka manna ƙusoshi biyu ko tsinken ashana a saman bututun, gaba da baya, ka riƙa saiti da su. Kuma kar kayi mamaki in ka saita abu ka juya ka kira wani ya zo ya tarar babu komai, duniya ce ke juyawa, sama tana gusawa digiri ɗaya duk minti huɗu.

Me zaka kalla

Wata zaka fara da shi, amma ba daren sha huɗu ba. Cikakken wata bashi da inuwa, fari fat zaka gani. Ka bari ya kwana biyar zuwa takwas, ka kalli daidai iyakar da haske ya haɗu da duhu. Wurin ba a miƙe yake ba, a tsattsage yake, zakaga ramuka da inuwa a cikinsu, kuma cikin ɓangaren duhun zakaga wasu 'yan ɗigon haske su kaɗai. Waɗannan kawunan duwatsu ne da rana ta fara haskawa kafin ta iso ƙasansu, kamar yadda hantsi ke fara taɓa kan dutse gari na cikin inuwa. Da wannan Galileo ya kafa hujja a ƙarshen 1609 cewa wata ba sumul yake ba kamar yadda malaman jami'a ke koyarwa daga Aristotle, har ya lissafa tsayin wasu duwatsun ya samu wajen mil huɗu. Ba shi ya fara zana wata ta madubi ba ma, wani Bature ɗan Ingila Thomas Harriot ya rigashi da 'yan watanni a 1609, sai dai bai buga ba, ya ajiye a takardunsa. Galileo kuwa ɗan kasuwa ne a wannan fannin, tun watan Agusta ya hau da manyan Venice saman hasumiya ya nuna musu jiragen ruwa tun suna nesa da madubi mai sau takwas, aka ninka masa albashi a jami'ar Padua.

In jinjirin wata ne, kwana biyu ko uku, duba sauran jikin da bai haskaka ba, zakaga yana ɗan haske toka-toka. Hasken rana ne da ya bugi duniyarmu ya koma can.

Daga nan juya kan Kaza da 'Ya'yanta. Da ido shida ko bakwai kake ƙirgawa, Galileo ya ga sama da arba'in a wurin. Lokacin sanyi suna sama sosai da farkon dare, matsalar dai hazo, in ƙura ta tashi haƙura zakayi. Daren da yafi kowanne shine bayan an ɗauke ruwan sama gari ya wanke, in kuma aka yi sa'a babu wuta a unguwa to ka more.

Sai Mushtari (Jupiter a Turance), wanda saboda shi aka fara maganar. Sauke Stellarium a wayarka, kyauta ne, zai nuna maka inda yake a daren. Yana da haske sosai kuma baya ƙyaftawa kamar sauran taurari. A madubinka zai fito ɗan ƙaramin faifai, a gefensa kuma 'yan ɗigo a jere kan layi ɗaya, sai ka natsu ka bar idonka ya saba da duhu minti goma sha biyar kafin su fito. Kar ka kalla sau ɗaya ka tashi, ɗauko littafi da fensir ka zana da'ira da ɗigon, ka rubuta kwanan wata da lokaci, gobe ka sake. Haka Galileo ma yayi. Ran 7 ga Janairu 1610 ya ga guda uku, biyu a gabas ɗaya a yamma, ya ɗauka taurari ne kawai. Ran 8 sai gasu duka ukun a yamma, abun ya ɗaure masa kai. Ran 9 hadari ya rufe sama. Ran 10 biyu kawai ya gani, a gabas. Ran 13 suka cika huɗu. Nan ya gane zagaya Mushtari sukeyi, kuma wanda ya ɓace ya shiga bayansa ne ko gabansa. A watan Maris ya fitar da ɗan littafinsa Sidereus Nuncius a Venice, ya raɗa musu sunan gidan sarautar Medici don neman shiga, kuma ya samu, aka ɗauke shi aiki a fadar Florence. Sunayen da ake kiransu yau, Io, Europa, Ganymede da Callisto, daga wani Bajamushe Simon Marius suka fito. Io yana gama zagaye cikin ƙasa da kwana biyu, Europa kwana uku da rabi, Ganymede mako ɗaya, Callisto kusan kwana 17, don haka in ka zana na sati biyu da kanka zaka fara gane wane ne wane. Wannan Io ɗin dai da shi Ole Rømer ya nuna a Paris a 1676 cewa haske ma tafiya yake yana ɗaukar lokaci, saboda lokutan shigarsa inuwar Mushtari suna jinkiri in duniya tayi nisa.

Zara matar wata ita ma ka bibiye ta, amma tana son haƙuri na watanni. Kalle ta da magariba tun sama bata gama duhu ba don ƙyallinta ya ragu. In tana kusa da mu zaka ganta kamar jinjirin wata ƙarami, in tayi nisa ta ƙanƙance ta kusa cika. Galileo ya bi ta a ƙarshen 1610, kuma wannan ne ya karya tsohon tsarin Ptolemy mai cewa komai duniya yake zagayawa, domin in ba rana take zagayawa ba babu yadda za'ayi ta nuna waɗannan siffofin duka. Rigimarsa da cocin Katolika da ta kai ga shari'ar 1633 labari ne na daban.

Zuhal (Saturn a Turance) kam kar ka sa rai. Abun da zaka gani ɗan ƙwai ne mai tsawo, shima Galileo abun da ya gani kenan a 1610, ya zaci taurari uku ne manne da juna, a 1612 ya duba yaga na gefen sun ɓace ya rasa ta cewa. Sai Christiaan Huygens ne ya bayyana a 1659 cewa zobe ne siriri, in ya juyo mana da gefensa sai ya ɓace.

In bakan gizon nan ya dame ka, ka sani ya dami manya sama da shekara ɗari. Maganin farko da suka samu shine tsawaita madubin, har Johannes Hevelius a Danzig ya gina mai tsawon ƙafa 150 da ake ratayewa a jikin dogon gungume da igiyoyi, iska kaɗan ta kaɗa shi aiki ya tsaya. Isaac Newton yace gilashi bazai gyaru ba, a 1668 ya ƙera nasa da madubin dubawa mai kwarmi na tagulla da kuza, haske ya bugi madubin ya dawo ba tare da ya rabu launi-launi ba, sai dai ƙarfen yana dusashewa dole ayi ta gogewa. Ashe gilashin yana gyaruwa, Chester Moor Hall ya haɗa gilasai iri biyu wajen 1733 ɗaya na gyara kuskuren ɗaya, John Dollond ya karɓi takardar mallaka a 1758 ya shiga sayarwa. Irin wannan haɗin ne a cikin madubin hannu mai ido biyu da ake sayarwa yanzu, shiyasa in ka samu na gwanjo mai rubutun 10x50 ka jingina shi da katanga, watannin Mushtari zasu fito maka cikin sauƙi fiye da bututunmu. In kuma ka samu wanda ya fashe, kar ka yar, cire gilashin idonsa ka saka a naka, bambancin a bayyane yake. Hanyar Newton ɗin dai ita tayi nasara a wajen manya, William Herschel, makaɗi ne a garin Bath, da madubin da ya goge da hannunsa ya gano duniyar Uranus ran 13 ga Maris 1781, ƙanwarsa Caroline tana taya shi har ita ma ta gano taurari masu wutsiya da dama.

In ka gama kallo toshe bakin bututun biyu da leda ko tsohuwar safa saboda ƙura, kar ka goge gilashin da bakin riga, na roba ne yawanci yana karcewa, hura masa iska ka shafa da tsumman tabarau. Ɗan yayata yanzu shi ke riƙe da littafin zanen, daren farko uku ya ƙirga ya ce na cuce shi ɗaya, nace ya dawo jibi.